Wace na'urar hangen nesa ta dace da duban jinjirin wata a Bauchi da Gombe?

Malamin Kimiyya, Yalwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata makarantar sakandare a nan Bauchi tana son sayen na'urar hangen nesa don ɗalibai su riƙa kallon wata da taurari, sannan ranar 29 ga wata a fita da ita a taimaka wa masu duban jinjiri. Samfurin da aka kawo an rubuta 525x da manyan baƙaƙe a kwalinsa, a jikin bututun kuma 60/700. Kafin a biya kuɗi ina neman shawarar masana.

Injiniya, Tumfure:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a biya. Lambobin da ka kawo sun isa a yanke hukunci. 60 ɗin nan faɗin bakin na'urar ne a milimita, 700 kuma nisan da haske ke yi daga gilashin gaba zuwa inda yake taruwa. Ninkin girma ana samunsa ne idan aka raba 700 da lambar da ke jikin ƙaramin gilashin da ake sa ido a kai. Irin wannan kwali yakan zo da gilashin ido mai lamba 4, wato ninki 175, sai su haɗa da wani bututu mai ninka uku, ya zama 525. Lissafin daidai ne, amma abin da ido zai gani dusu-dusu ne kawai, kamar an buɗe ƙaramin hoto a waya an yi ta ja har ya farfashe.

Ƙa'idar da masu wannan harka ke bi ita ce ninkin da ke da amfani ba ya wuce faɗin baki sau biyu. Mai baki 60 iyakarta 120, shi ma sai daren da iska ta kwanta. Aikin na'urar na farko tara haske ne, kamar yadda baho ya fi kofi tara ruwan sama. Ƙwayar idon mutum a cikin duhu ba ta wuce milimita 7. Baki mai 70 yana tara hasken ido sau 100, mai 150 kuma fiye da sau 450, domin lissafin yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Don haka abin da za a fara tambayar mai sayarwa shi ne faɗin baki, ba ninki ba.

A kuma duba ramin da ake zura gilashin ido. Idan faɗinsa inci 0.965 ne, kuma gilasan an rubuta musu H ko SR, kayan wasan yara ne. Na kirki inci 1.25 ne, kusan milimita 32, kuma shi ne ake samun kayan canjinsa.

Hajiya Malamar Fizis, Gombe:
Na yarda da Injiniya, sai dai ya bar abin da ya fi kashe wa ɗalibai gwiwa, wato ƙafafun. Irin waɗannan na'urori suna zuwa a kan ƙafa uku ta siririn gorar ruwa. Da yaro ya taɓa wajen saiti sai hoton ya yi ta rawa, kafin ya tsaya wata ya fice daga gani. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, digiri ɗaya ke nan cikin minti 4. A ninki 100, filin da ido ke gani bai fi rabin digiri ba, saboda haka cikin minti 2 abin da aka saita ya ratsa ya wuce. Aji mai yara arba'in, kowane yaro na uku sai an sake nemo abin.

Gwajin mai sauƙi ne tun a shago: a saita kan wani abu mai nisa, a ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa. In rawar ta wuce daƙiƙa biyu zuwa uku ba ta tsaya ba, a bar musu kayansu.

Dattijo Mai Falaki, Bauchi:
Allah ya saka muku da alheri. Amma ina ganin an haɗa buƙatu biyu da ba sa zama a tukunya ɗaya. Kallon zoben duniyar Zuhal (Saturn) daban, neman jinjirin wata daban. Mai neman jinjiri ba ya buƙatar ninki mai yawa, abin da yake buƙata fili ne mai faɗi, domin yana lalube ne a cikin sama mai sauran hasken rana, babu tauraro ko ɗaya da zai yi masa jagora. Bututu mai nuna rabin digiri a wannan aiki kamar neman allura ne ta ramin makulli.

Abin da ya dace da jinjiri shi ne madubin hangen nesa mai ido biyu, 7x50 ko 10x50. Lambar farko ninki, ta biyu faɗin baki. Mai 10x50 yana nuna kimanin digiri 6, wato faɗin wata sau goma sha biyu a jere. In ana son ƙari, akwai 15x70, amma shi hannu ba ya riƙe shi ba rawa, dole a ɗora shi a kan ƙafa uku da ƙarfen nan mai siffar L.

Sai dai madubi ba ya yin komai in ba a yi lissafi ba tukuna. Watan sama yana cika zagayensa cikin kwana 29 da rabi da 'yan mintoci, kuma kullum yana nisantar rana da kimanin digiri 12, rabin digiri ke nan a awa. Wani masani Bafaranshe, André Danjon, ya nuna tun shekarun 1930 cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, jinjirin ba ya bayyana. Ko a digiri 10, kaurin farin da ake nema bai wuce kashi 1 cikin 130 na faɗin watan ba, zare ne kawai. Shi ya sa tambayar “awa nawa da haihuwarsa” ita kaɗai ba ta wadatarwa. Abubuwa uku ake dubawa tare: tazararsa da rana, tsayinsa a sama lokacin da rana ta faɗi, da mintocin da zai yi kafin shi ma ya faɗi.

Ɗalibi, Kashere:
Allah ya gafarta Malam, to ina ake samun waɗannan lambobi? Kuma in an samu, ta yaya mutum zai san daidai inda zai sa ido?

Dattijo Mai Falaki, Bauchi:
Yaro, ka yi tambaya mai kyau. Akwai manhajar Stellarium, kyauta ce a kwamfuta, kuma in an saukar da ita ba ta neman intanet. Akwai kuma Accurate Times ta Muhammad Odeh, wanda ya kafa ƙungiyar masu duban jinjiri ta ICOP a 1998. Za ka shigar da wurinka: Bauchi digiri 10.3 arewa, 9.8 gabas, Gombe 10.3 arewa, 11.2 gabas. Ka tabbata agogon na'urar yana kan lokacin Najeriya, awa ɗaya gaba da na Girinwic (GMT). Sai ka kai lokacin zuwa faɗuwar rana, ka danna wata, ka rubuta tsayinsa da kuma digiri nawa yake dama ko hagu da rana.

A fili kuma hannunka ne ma'auni. Ka miƙe hannu sosai: dunƙulen hannu digiri 10 ne, yatsu uku na tsakiya digiri 5, ɗan ƙaramin yatsa digiri 1. Ka isa wurin rabin awa kafin magariba, ka lura da bishiya ko tudun da rana ta faɗa bayansa, domin rana ba kullum take faɗuwa a yamma sak ba. A nan wajenmu tana karkata har digiri 24 zuwa arewa a watan Yuni, 24 zuwa kudu a Disamba. Daga wannan alama za ka auna. In manhaja ta ce wata yana digiri 10 a sama, digiri 3 hagu, to dunƙule ɗaya sama, yatsu biyu hagu.

Mu da ke kusa da layin tsakiyar duniya, wanda ya raba ta arewa da kudu, rana da wata kusan a tsaye suke gangarowa, digiri ɗaya duk minti 4. Watan da ke digiri 10 yana da kamar minti 40 kafin ya faɗi. Bernard Yallop na Ingila ya fitar da ƙa'ida a 1997 cewa lokacin da ya fi dacewa shi ne kashi 4 cikin 9 na wannan tazara. In tazarar minti 45 ce, minti 20 bayan faɗuwar rana ke nan. Kafin nan sama ta yi haske da yawa, bayan nan kuma wata ya nutse cikin hazo. Ka ga lokacin ya faɗa daidai kan sallar magariba, don haka masu duba su tsara tun da wuri su yi sallarsu a filin, kada su taho masallaci su dawo sun rasa mintocin.

Hajiya Malamar Fizis, Gombe:
Baba, a ƙara da gargaɗi, tunda yara za a fita da su. Ba a ɗaga mai ido biyu ko wata na'ura zuwa yamma sai ƙwallon rana ya nutse gaba ɗaya. Ranar da ta yi ja cikin ƙura, har ido yana iya kallonta, tana nan da zafinta da ido ba ya gani, kuma gilashi mai baki 50 yana tara shi sau 50. Can cikin ido ba ya jin zafi, mutum ba zai san ya ƙone ba sai daga baya, kuma ba ya warkewa. Babba ɗaya ya riƙe kayan, shi zai ba da izini.

Haka baƙin gilashin nan da ake ɗaurawa a gilashin ido, wanda aka rubuta SUN a jikinsa, a fasa shi a jefar. Yana zaune ne daidai inda zafi ke taruwa, kuma yakan tsage ba sallama. Matacin rana na gaskiya a gaban bututu ake sa shi, ya rufe bakin duka, irin takardar Baader mai lamba 5.0, a ɗaure shi yadda iska ko hannun yaro ba zai cire ba, a kuma rufe ɗan ƙaramin bututun nema da ke gefe. Wannan zai yi amfani ranar 2 ga Agusta 2027, lokacin da husufin rana cikakke zai ratsa Masar da Makka, mu kuma a nan za mu ga an ci wani sashe nata.

Mai Gyaran Kyamara, Wunti:
Tunda an koma kan mai ido biyu, bari in faɗi yadda ake tantance shi, don jabu sun cika kasuwa. Duk wanda gilashin gabansa ja ne wur ko ruwan lemo, a bar shi, fentin yana rage haske ne don ya ɓoye aibin gilashi. Duk wanda aka rubuta 10-30x ko 20-180x, mai zuƙowa, a bar shi, filinsa ƙunci ne kuma ba ya daɗewa idanun biyu suke saɓawa. A riƙe shi nesa da fuska a fuskanci haske, za a ga ɗigon haske a kowane gilashin ido. In ɗigon zagayayye ne tas, gilasan ciki masu kyau ne, irin waɗanda ake rubuta wa BaK-4. In gefunansa sun yanke kamar murabba'i, haske yana zuba a ciki. Faɗin ɗigon kuma ya zama baki raba ninki: milimita 5 a 10x50. In ya fi haka ƙanƙanta, lambar da ke jiki ƙarya ce.

Sannan a kalli wayar lantarki mai nisa, a ɗan janye ido baya. In wayar ta rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya taɓa faɗuwa, zai sa ciwon kai cikin minti biyar.

Saiti kuma: a rufe idon dama, a juya dabaran tsakiya har na hagu ya fito, sannan a rufe na hagu a juya zoben da ke gilashin dama shi kaɗai. Wannan a yi shi a kan abu mafi nisa, dutse ko turken sadarwa da ya wuce kilomita biyu, sannan a liƙe dabaran da salatif. Mafi yawan waɗanda suka ce sun duba da madubi ba su gani ba, saitin ne ya goce. Jinjirin da bai fi zare ba, in saiti ya kauce kaɗan, narkewa yake cikin hasken sama, ido kuma ba shi da abin da zai kama ya gyara. In Zara tana yamma a lokacin, ita ce mafi kyawun abin saiti: a juya har ta zama ɗigo mafi ƙanƙanta.

Dattijo Mai Falaki, Bauchi:
Madalla da ka ambaci Zara. Ita ma tana yin siffar jinjiri, kuma a na'ura mai ninki 30 ko 40 takan fito da ƙahonni biyu sak wata. Bambancin girma ne: ko a lokacin da ta fi kusa da mu, faɗinta kashi 1 cikin 30 ne na wata. Wanda bai saba ba zai rantse ya ga wata. Haka guntun hayaƙin jirgin sama da rana ta haska daga ƙasa. Jinjirin gaskiya farinsa yana fuskantar inda rana ta faɗi, a wajenmu yakan kwanta kamar ƙwarya, kuma yana gangarowa a hankali daidai da lissafi. Mai shaida da na'ura ya sani cewa mai tara haske da madubi tana kifar da hoto, mai tara shi da gilashi da ke da madubin kusurwa kuma tana mai da dama hagu. Kada a zo ana tambayarsa ina ƙahonnin suka duba ya ba da amsa a juye.

Injiniya, Tumfure:
Ranka ya daɗe, ban ƙi mai ido biyu ba, amma ba na son makarantar ta tsaya nan. Ninki 10 zai nuna ramukan wata manya, da Kaza da 'Ya'yanta, da watanni huɗu na duniyar Mushtari (Jupiter) kamar ɗige-ɗige, waɗanda Galileo ya gani a Janairun 1610. Ba zai nuna zoben Zuhal ba, shi sai ninki 30 zuwa sama. Yaron da ya ga zoben nan da idonsa ba ya mantawa, gani ya kori ji.

Shawarata ita ce mai madubi irin ƙirar Newton, baki 150, nisan haske 1200, a kan akwatin katako irin na John Dobson. Babu ƙafa uku, babu giya, babu batir. Akwatin yana juyawa dama da hagu, bututun yana ɗagawa sama da ƙasa, hannu kawai ake turawa. Gilashin ido biyu sun isa, irin Plössl: mai 25 yana ba da ninki 48 da fili kusan digiri ɗaya, wata ya shiga duka da sarari, mai 10 yana ba da 120.

Akwatin ma kafinta zai iya yi. Filawud mai kauri milimita 18, faifai biyu na ƙasa da ƙusa mai noti 10 a tsakiya, a manna fomika mai ɗan kaushi a ƙarƙashin na sama, ta zauna a kan guntayen teflon uku da aka jera kamar murhu. Kada a sa boris, yana sulɓi da yawa, iska kaɗan sai bututun ya juya. Kada kuma a sa giris, ƙura yake kamawa. Kunnuwan gefe a yanka su da faɗi, santimita 20 ko fiye, a ɗaura su daidai inda bututun ke daidaita nauyi bayan an sa gilashin ido a ciki, ba kafin ba. Cikin bututu a shafa baƙin fenti marar sheƙi, irin na allon makaranta.

Madubin dai saye za a yi, kuma a tabbata an rubuta parabola, wato siffar kwarmin da ke tara haske a ɗigo ɗaya. Fuskar madubi ana son kada ta kauce wa siffarta da fiye da kashi 1 cikin 10,000 na milimita. Madubin Hubble mai mita 2.4 da aka harba a 1990, kuskuren gefensa kimanin kashi 2 cikin 1,000 na milimita ne, amma sai da 'yan sama jannati suka je a 1993 suka sa masa gilasan gyara.

Wani tarko: in an rubuta 114/1000 ko 127/1000 amma bututun bai fi rabin mita ba, akwai ɓoyayyen gilashi a cikin wajen saiti da ke rufe aibin madubi mai araha. Daidaita irinta wahala ce. Araha ba ta ado.

Ɗalibi, Kashere:
Injiniya, me ya sa ba za a sayi mai mazaunin nan da ke da sandar nauyi ba, wanda ake cewa yana bin juyawar sama?

Injiniya, Tumfure:
Ƙanena, saboda inda muke. Wannan mazauni dole ƙashin bayansa ya nuna tauraron arewa, shi kuma tsayinsa a sama daidai yake da digirin nisan gari daga layin tsakiyar duniya. A Landan ya haura digiri 50. A Bauchi da Gombe digiri 10 ne, dunƙule ɗaya daga ƙasa, gini ko bishiyar maina ta isa ta tare shi, da hunturu kuwa ƙura ta haɗiye shi. Sannan yawancin masu araha an ƙera su ne don ƙasashen Turai. In ka sauke su zuwa 10, ko notin ya ƙare kafin a kai, ko sandar nauyi ta riƙa dukan ƙafar gaba. Mai ɗaukar hoton taurari na dogon lokaci ba shi da makawa sai shi, amma don kallo da ido wahala ce kawai.

Wurin namu kuma yana da ribarsa. Muna ganin kudancin sama da Bature ba ya gani daga gida. Tauraron Suhailu yana hawa digiri 27, taurarin nan huɗu masu siffar gicciye na kudu suna kai 20, dunƙulen taurari na Omega Centauri ya haura 30, kuma a daren Afrilu da Mayu mai baki 150 zai fara warware shi ya zama kamar an watsa gero.

Mai Gyaran Kyamara, Wunti:
Mai madubi tana da sharaɗi biyu da ya kamata makarantar ta sani tun yanzu. Na farko daidaita madubai, babba da ke gindin bututu da ƙarami da ke kusa da baki. Duk lokacin da aka ɗauko ta a mota ko a Keke kan hanya mai gargada, sai an duba. A samu murfin roba da ya shiga ramin gilashin ido, a huda tsakiyarsa milimita 2. A leƙa: da sukurori uku na ƙaramin madubi ake juyawa har a ga babban madubi duka da maƙalansa uku, sannan da sukurori uku na gindin bututu ake kawo ɗigon tsakiyar babban madubi ya hau kan hoton hudar. Kwata-kwatan juyi ake yi, kuma bututun a kwance, don kada sukundireba ta suɓuce ta faɗa kan madubi. Da dare a gwada da tauraro a ninki 120, a ɗan kauce saiti: zobba su fito ɗaya cikin ɗaya, baƙin ɗigo a tsakiya. In sun taru gefe guda, da saura.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma garin yashi ce, ta fi rufin madubi tauri. Rufin nan ɗan siririn alminiyam ne a saman gilashi, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki. Shafa ɗaya da hankici ko bakin riga ta isa ta bar zane har abada. Madubi mai 'yar ƙura yana aiki lafiya, a ƙyale shi. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, a ciro shi, a zuba masa ruwa ya tafi da yashin, a jiƙa shi minti goma cikin ruwa mai ɗigon sabulun wanke-wanke, a ja auduga a kansa a ƙarƙashin ruwa da nauyinta kawai, kowace ja sabuwar auduga, a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine shi ya bushe da kansa. Tataccen ruwan a saya a kemis. Kada a aiki yaro ya sayo “ruwan batir”, don wani abin da ake sayarwa da wannan suna asid ne. Ruwan rijiya da na leda kuma suna barin tabon gishiri. Wajen mayarwa kada a matse maƙalan, a bar sararin da takarda za ta wuce, in ba haka ba taurari za su fito da kusurwa uku.

Da damina abokin gaba fumfuna ce. Kada a rufe kaya da raɓa a jikinsu, a bar su su sha iska, a ajiye da ƙunshin silika a cikin akwatin.

Hajiya Malamar Fizis, Gombe:
A ƙara da zafi. Na'urar da ta wuni a sito mai rufin kwano a watan Afrilu, madubinta ya ɗau zafi, in aka fito da ita hoton zai yi ta tafasa. A fitar da ita inuwa minti 45 kafin a fara, baki a buɗe. Kada a kafa ta kan siminti ko kwalta da suka sha rana, kada a hanga ta saman rufin kwano ko kusa da janareta. Filin ƙwallo mai ciyawa ya fi.

Game da lokaci, sama ta fi wankuwa a ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da kuma daren da ya biyo bayan ruwan sama. Abin da ke digiri 10 daga ƙasa haskensa yana ratsa iska mai kauri fiye da sau biyar na abin da ke tsakar ka, a digiri 5 kuwa sau goma. Shi ya sa da hunturu rana kanta take ɓacewa tun ba ta kai ƙasa ba, kuma babu na'urar da za ta huda wannan. Abin da ake iya yi shi ne zaɓen wuri: tudu, a yammacin gari don hayaƙi da fitilu su kasance a bayan mai duba, ba dutse ko gini a gabansa.

Ɗalibi, Kashere:
Hajiya, to masu kwamfuta a ciki fa, waɗanda ake danna suna su juya da kansu? Na ga kamar su ne maganin laluben da Baba ya ambata.

Injiniya, Tumfure:
Suna magance shi, in an san hawansu. Matsalar ita ce sai an nuna musu taurari biyu ko uku kafin su san inda suke, jinjiri kuma ana nemansa ne kafin taurari su fito. Mafita ita ce a daidaita a daren 28, a sa ta a yanayin ajiya, a rufe ta a bar ta a wurin ba a motsa ƙafafun ba, ko kuma a daidaita da Zara in tana nan. Kurakuran da aka fi yi: wajen shigar da kwanan wata a rubuta rana kafin wata, alhali na'urar wata take so a fara, amsa “e” a tambayar ƙara wa agogo awa ɗaya ta lokacin bazara, tsarin da ba mu da shi, da sa yamma maimakon gabas wajen shigar da wurin gari. Kowanne zai kai bututun wani wuri daban. Wuta kuma volt 12 ce. Ƙaramin batirin sola mai 7Ah yana kai dare, amma a auna da mita a tabbata tsakiyar filogi ne mai alamar tarawa, juya shi yana ƙona allon nan take.

Akwai kuma irin su Seestar S50, baki 50, ba ta da wajen sa ido sam, hoto take tarawa ta aiko waya. Kyamara tana iya ciro jinjirin da ido ba zai taɓa gani ba. A Yulin 2013 Thierry Legault ya ɗauki hoton wata ana cikin hasken rana a daidai lokacin haihuwarsa, da matacin hasken da ke bayan ja.

Dattijo Mai Falaki, Bauchi:
A nan ne nake so a yi hattara. Abin da kyamara ta tara ta wanke, da abin da ido ya gani ta cikin gilashi, da abin da ido ya gani tsirara, abubuwa uku ne, kuma mai kai rahoto wajibi ne ya faɗi wanne ne nasa. Hukuncin karɓa ko ƙi ba namu ba ne, na malamai ne da kwamitin ganin wata, sanarwa kuma ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce. Namu shi ne rahoto mai tsabta: wuri, minti nawa aka fara gani da wanda ya ɓace, da me aka gani, tsayinsa, inda ƙahonni suka duba, yanayin sama, mutum nawa suka gani. Wanda bai gani ba shi ma ya rubuta, rahotonsa yana da daraja. Kuma ɗalibai su riƙa fita kowane wata, har da ranar 30 da 1 lokacin da jinjirin ke da sauƙi, don hannu da ido su saba kafin Sha'aban.

Mai Haɗa Dish, Jekadafari:
Salamu alaikum manya. Ga wani abu da makarantar za ta iya yi da rana, ko da hazo ko gajimare. Farantin satalayit mai santimita 90, da kansa na LNB, da mitar neman sigina mai allura, da tsohuwar dikoda don ta ba shi wuta volt 13 ko 18. A nuna shi sama inda babu satalayit, a juya maɓallin mitar har allura ta zauna ƙasa. A juya shi ga bango ko mutum ya tsaya a gaba, allura za ta tashi, domin duk abu mai ɗumi yana fitar da igiyar rediyo. Sannan a kafa shi ɗan yamma da rana a ƙyale shi. Farantin yana ganin kimanin digiri 2, don haka allurar za ta hau ta sauka cikin kamar minti goma yayin da rana ke ratsawa, yara su rubuta lamba duk rabin minti su zana. A tuna farantin nan yana duban sama da inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da wani abu, a bi inuwar kan LNB wajen saiti. Kada a yi amfani da faranti mai sheƙi ko a liƙa masa takardar alminiyam, zai narkar da murfin. A kuma kauce wa makonnin Maris da Satumba da rana ke bi ta layin satalayit, siginarsu za ta rufe tata. Aikin da faranti 64 na MeerKAT ke yi a Afirka ta Kudu, da mai mita 32 na Kuntunse a Ghana, tushensa ke nan.

Malamin Kimiyya, Yalwa:
Allah ya saka da alheri, an fasa sayen mai 525. Za a fara da 10x50 guda biyu da ƙafa uku mai nauyi, sannan a nemi madubin 150. Injiniya, kafinta zai tambayi faɗin bututu da girman ƙaramin madubi.

Injiniya, Tumfure:
Bututu ya zama milimita 180 zuwa 200 a ciki, don a bar wa iska sarari a gefen madubi, tsawonsa kimanin mita 1.2. Ƙaramin madubi mai gajeren faɗi 30 zuwa 35 ya isa. Kada a huda ramin gilashin ido tukuna. A ɗora babban madubi a mazauninsa, a auna ainihin nisan haskensa da wata a kan farar takarda, domin wanda aka rubuta 1200 yana iya zama 1190 ko 1215. Daga abin da aka samu a cire rabin faɗin bututu, a cire tsayin wajen saiti in an shigar da shi ciki, a cire ƙarin milimita 15. Abin da ya rage shi ne nisan daga fuskar madubi zuwa tsakiyar ramin. In madubin ya iso ka turo lambar da kuka auna, a yi lissafin tare kafin a sa zarto.